Ciwon Kunne a Karnuka da Kyanwoyi a Ƙasar Daura

Tun zamanin da, mafarautan ƙasar Daura, daga Zango zuwa Baure, sun dogara da karnuka, kamar yadda magidanta suka dogara da kyanwa wajen tsare rumbu daga ɓeraye. Kare kuwa in ya kurumce, ya tashi daga aiki.

Ramin kunnen kare a lanƙwashe yake, saboda haka danshi da dauɗa sukan taru a ciki. Da damina kaska da ƙuda ke addabarsa, da kaka kuma ƙarangiya. Ita kyanwa, galibi wasu ƙananan ƙwari ne ke shiga kunnenta, su bar baƙar dauɗa kamar garin gawayi. Alamomin ciwon su ne yawan girgiza kai, da susa, da wari, da fitar mugunya.

Rigakafi shi ne a riƙa duba kunnen bayan an dawo daga daji, a cire kaska, a tsane shi da tsumma mai tsabta. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai, kada kuma a zura tsinke, domin yana iya fasa dodon kunne. In ciwo ya kama, sai a nemi likitan dabbobi. Malamai su isar wa yara da wannan, domin su suka fi mu'amala da waɗannan dabbobi.