Na'urar DAC ta waje: tana gyara sautin iyafis ko asarar kuɗi ce?

Kwanakin baya wani ƙanena da ke Daura ya turo mini hoton wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana girma ba. A intanet ya ga tallarta. Wai in ka jona ta da waya, ka sa iyafis a jikinta, za ka ji kamar mawaƙin yana gabanka. Kuɗinta ya kusa rabin na wayarsa. Ya ce, "Yaya, in saya ko in haƙura?" Shi masoyin waƙoƙin Shata ne, memorinsa cike yake da su. Amsar da na ba shi ce zan faɗaɗa a nan.

Mene ne aikinta?

Sauti girgizar iska ce, waya kuwa lambobi take ajiyewa. Lokacin ɗaukar murya ana auna girgizar sau dubbai a kowane sakan, a rubuta kowane awo da lamba. A tsarin faifan CD da kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, ana yin awo sau 44,100 a sakan, kowane awo kuma yana faɗawa ɗaya daga matakai 65,536, abin da ake kira bit 16.

Kafin kunne ya ji, dole a mayar da lambobin nan wutar lantarki mai hawa da sauka, ita kuma ta girgiza 'yar fatar da ke cikin iyafis. Na'urar da ke wannan juyi ita ce DAC. A bayanta akwai amfilifaya mai ƙara wa wutar ƙarfi. To, duk wayar da ke da kafar iyafis tana da su duka biyun a cikinta, ko Tecno ce, ko Itel, ko 'yar rediyo mai cin memori. Ta waje gurbin ta ciki kawai take mayewa. Tambayar kenan: ta cikin tana da matsalar da kunne zai iya ji?

Iyakar kunnen ɗan Adam

Lafiyayyen kunnen matashi yana jin girgiza daga sau 20 zuwa kusan 20,000 a sakan, kuma iyakar saman tana raguwa da shekaru. Ƙa'idar lissafi da ake danganta wa Harry Nyquist da Claude Shannon ta nuna cewa in yawan awo ya haura ninki biyu na girgiza mafi sauri, za a iya dawo da sautin yadda yake. Ninkin 20,000 shi ne 40,000. Ka ga 44,100 ya wadatar.

Amma a kwalin waɗannan na'urori za ka ga an rubuta 192,000 ko fiye, da bit 24 ko 32. An gwada amfanin wannan. A 2007 Brad Meyer da David Moran a Amurka sun kunna wa mutane sauti mai manyan lambobi, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an sauko da shi matakin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne ba. Cikin gwaji 554, sau 276 aka dace, wato rabi, daidai da mai canka. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama, ya sami dacewa kusan kashi 52 cikin ɗari. Akwai ɗan bambanci kenan, amma ƙanƙani ne ƙwarai, kuma a ɗaki mai shiru da kayan sauti masu kyau aka same shi. Ina ga wanda ke sauraro a cikin motar Daura zuwa Kano?

Me ya sa wasu ke rantsuwa sun ji canji? Sau da yawa ta wajen ta fi ƙara ne kawai, kunne kuma yakan ɗauki abin da ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Ga kuma sa rai: wanda ya kashe kuɗi yana sauraro da natsuwar da bai saba ba.

Inda sautin ke lalacewa

Mamman Shata ya rasu a 1999, a Daura aka binne shi. Yawancin waƙoƙinsa da ke yawo a wayoyi daga tsofaffin kaset aka kwafo su, wasu kwafin kwafi ne. Shuuu ɗin kaset ya riga ya shiga cikin lambobin, DAC mai tsada kuma za ta fito maka da shi tsaf, tare da kalangun. Haka bidiyon hawan Sallar Gani da aka ɗauka da waya kusa da masu kakaki da tambari: in ƙarar ta fi ƙarfin makirfo, sautin ya fashe tun a wurin.

Na biyu, matse fayil. Sautin CD yana cin kilobit 1,411 a sakan, MP3 na yau da kullum kuwa 128. A 128 ɗin ma yakan yi daɗi, amma wanda aka matse ƙasa da haka, ko aka ciro daga bidiyo aka sake matsewa, abin da aka zubar ba ya dawowa.

Na uku, iyafis ɗin kansa. Bambancin da ke tsakanin iyafis biyu ya ninka wanda ke tsakanin DAC biyu masu lafiya nesa ba kusa ba. Ko robar da ta toshe kunne da kyau tana ƙara kaurin sauti, ta rage hayaniyar babura da janareta.

Yaushe take da amfani?

Idan wayarka ba ta da kafar iyafis, kamar iPhone tun daga ta 7 da ta fito a 2016, kana buƙatar adafta, kuma yawancinsu da DAC a ciki. Mai sauƙin kuɗi ta kamfani sananne ta isa.

Idan kana da babban hedifon na situdiyo. Iyafis na kasuwa turjiyarsa ga wuta om 16 zuwa 32 ce, amma irin Sennheiser HD 600 om 300 ne. Waya ba ta iya tura shi sosai, sai ka ji sautin ya yi sanyi. A nan za ka ji canji na gaske, sai dai amfilifayar ce ta yi aikin.

Idan kana jin zuuu ko ƙaraf-ƙaraf a kwamfuta, musamman tana caji, ko ƙurar hunturu ta lalata kafar wayar, ta waje tana iya kauce wa matsalar.

In kuwa iyafis ɗinka na Bluetooth ne, ka manta da zancen. Lambobi ake aika masa ta iska, DAC ɗinsa a cikinsa take.

Gwada da kunnenka

In ka sami aro, ka daidaita ƙarar biyun iya iyawarka, ka juya baya, abokinka ya riƙa sauyawa sau goma yana rubutawa. In ba ka dace sau tara ba, ajiye kuɗinka. Kuma a kula da ƙara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, in ƙarar ta haura haka lokacin yana raguwa sosai. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Ƙanen nawa dai na ce masa ya nemi kwafin Shata mafi tsabta da zai iya samu, ya sayi iyafis mai kyau da kaɗan daga kuɗin, sauran ya riƙe abinsa.