Malami Kafin Na'ura: Koyar da Ilimin Ƙirƙirarriyar Basira a Makarantu

Ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar da ke ba kwamfuta damar koyo daga tarin bayanai har ta yi ayyukan da a da sai ɗan'adam ke iya yi, ta riga manhajar karatu shiga aji, domin tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022 ɗalibai suka soma ɗora mata aikin gida, malamai kuwa suka rasa ma'aunin bambance rubutun yaro da na na'ura.

Wannan ne ya sa hukumar UNESCO ta fitar da jagora a 2023, inda ta ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da manhajoji irin ChatGPT shi kaɗai, sannan a 2024 ta zayyana ƙwarewa 12 da ake so ɗalibi ya samu da kuma 15 da ake so malami ya samu, waɗanda suka haɗa da ɗa'a da sanin yadda fasahar take aiki.

Sanin aikin nata shi ne ginshiƙi. Manhajar da ke amsa tambaya ba fahimtar magana take yi ba, hasashe take yi na kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, gwargwadon rubuce-rubucen da aka horar da ita a kansu, shi ya sa takan ƙago sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba, ta kawo shi babu ko ɗar. Kuskuren yakan ƙaru a harsuna irin Hausa, waɗanda rubutunsu a intanet bai kama ƙafar na Turanci ba.

Don haka horon ya kamata ya faro daga malami, tun daga kwalejojin ilimi, domin wanda bai taɓa kama na'ura da ƙarya ba ba zai iya koya wa yaro kama ta ba. Darasin ma ba lalle sai da ɗakin kwamfuta ba: malami yana iya rubuta amsar na'ura a allo, ɗalibai su gwada ta da littafin da ke hannunsu, su fito da inda ta kauce. Ɗabi'ar da ake son dasawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda almajiran zaure suka saba tambayar littafin da magana ta fito daga cikinsa da kuma malamin da aka ji ta daga bakinsa kafin su riƙe ta a matsayin ilimi.