Ruwan Kwakwa: Amfaninsa Da Iyakarsa

Kwakwar Attagara ba itaciyar ƙasarmu ba ce. Daga bakin teku take zuwa, musamman Badagiri ta ƙasar Ikko, 'yan kasuwa su kawo ta Dutsin-Ma da Kurfi. Wadda ke iso mana ta riga ta ƙosa, ruwanta kaɗan ne, ɗanya ita ce mai ruwa da yawa.

Ruwan nan yana da amfani. Muddin ba a fasa ɓawon ba, tsabtatacce ne. Wajen kashi 95 cikin 100 nasa ruwa ne zalla, saura ɗan sukari da sinadarin fotashiyam, wanda jijiyoyi da zuciya ke bukata. Saboda haka yana kashe ƙishirwa a zafin bazara, kuma bai kai lemon kwalba zaƙi ba. In an fasa, a sha nan take, gama yana saurin lalacewa.

Amma fa, jama'a, kowane abu da iyakarsa. Yaron da amai da gudawa suka kama, gishiri ke fita daga jikinsa, ruwan kwakwa kuwa gishirinsa bai isa ba. Abin yi shi ne a tafasa ruwa lita 1, a bari ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali, a riƙa ba shi, a hanzarta kai shi asibiti. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya sha sai da izinin likita, don fotashiyam na taruwa a jininsa.

Malaman makaranta, ku koya wa yara wannan a darasin kiwon lafiya, su kai wa iyayensu gida.