Babur ɗin tsere shi ne na cefane

Kafin yaƙi, in an yi la'asar ranar Juma'a kowa da inda ya nufa. Wasu su tafi zikiri Hamad al-Nil, wasu su tsallaka Haj Yusif kallon kokawar Nuba. Ni kuwa na yi kusan shekara biyu ina bin wani tsohon ɗalibina zuwa wani fako a bayan Ombada, yamma da Suk Libya, inda samari ke tseren babur, ko motar, yadda muke cewa a nan, kalmar da ke ruɗa baƙinmu na Kano.

Ba fili ne na hukuma ba. Tsofaffin tayoyi aka jera aka yi da'ira, sai tutar tsumma. An jawo ni ne don ina da agogo da littafin maki, kuma an yarda malamin makaranta ba zai yi coge ba. Ni ke ƙirga zagaye. Sharaɗina ɗaya: ba mai hawa ba hular kwano. To, huluna uku gare su kaf, saboda haka mutum uku-uku ake tashi, sauran su jira. Sun yi ta ƙorafi, na toshe kunne.

Yaran nan suna kallon tseren MotoGP a waya, sun san filin Lusail na Katar da ake gudu cikin dare ƙarƙashin fitilu. Amma abin hawansu Boxer ne ɗan Indiya, ko ɗan China mai 125 ko 150, wanda da shi suke dakon kaya da kai saƙo tsakanin Suk Libya da kasuwar Omdurman sauran kwana shida. Nan gizo ke saƙar. Can in injin ya ƙone a sa wani. Nan in ya ƙone, tukunyar gida ce ta sauka daga murhu.

Shi ya sa duk dabararsu ta abin da za a iya mayarwa ce kafin asubar Asabar. Da hantsi a kwance madubi, fitila da kariyar baya, don a rage nauyi, kuma kada su fashe in an faɗi. A sa wa tayar baya faifan sarƙa mai haƙora da yawa: babur zai rasa gudun dogon zango, amma yana fita kwana sai ya zabura, kuma a ƙaramar da'ira abin da ake so ke nan. A ɗan sace iskar taya don ta kama rairayi. Mai kuwa lita ɗaya ko biyu ake zubawa. Suna cewa wai don sauƙin nauyi ne. Ni na san aljihu ne. Da dare a wanke kafireta da matatar iska, don ƙurar wurin nan ba ta da imani.

Shekarar 2021 ce ta fara karya su. A Fabrairu aka karya darajar jine, dala ta tashi daga 55 zuwa 375 a farashin gwamnati. A Yuni aka cire tallafin mai, litar fetur ta koma 290 daga 150. Kayan gyara duk daga waje suke zuwa, suka bi sahu. Ɗalibin nawa ya fara jinkirta canjin baƙin mai, yana cewa zai kai wani mako. Bai kai ba. A zagaye na shida injin ya kama, fistin ya tafi. Kwana goma sha ɗaya babur na jingine a zaure.

Mahaifiyarsa ta zo har ƙofar makaranta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, shi yaro ne, kai fa?” Ban sami ta cewa ba. Na ba da abin da zan iya daga albashin da shi ma ba ya kai rabin wata, abokansa suka yi karo-karo. Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci ba. Na dai san in ba fakon nan, a kan kwalta za su yi, cikin motoci, ba hula, a lokacin da 'yan fizgen waya na tis'a tawila suka riga suka ɓata wa duk mai babur suna.

Sai 15 ga Afrilun 2023. Muka gudu Gadarif. Ombada ta daɗe a hannun Da'am Sari', kuma babur na cikin abin da aka fara ƙwacewa a gidaje. Nasa ma ya tafi. Sai ƙarshen Maris na 2025 sojoji suka karɓe Suk Libya. Cikin waɗanda nake rubuta sunayensu a littafin nan, biyu sun rasu, Allah ya jiƙansu, uku ban san inda suke ba.

Da na dawo na same shi a wata rumfar gyara yana yi wa wani aiki. A gefe akwai gangar jikin babur ba injin, ya saya da kuɗin watanni. Na tambaye shi ko na aiki ne. Ya ce na aiki ne mana. Ya ɗan yi shiru yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, “Ustaz, littafin nan yana nan kuwa?”

Na ce yana nan, amma sai na fara zuwa wajen mahaifiyarsa.