Liyari da Kuɗin Zaki na Holan

A cikin birnin Kano, in an buɗe adakar tsohuwa, akan tarar da wani faffaɗan kuɗin azurfa mai hoton mace. Shi ne liyari. Da yawa an kai wa maƙera sun narkar, an yi mundaye da zobba. Kafin sauran su ƙare, ya kamata mu san asalinsa.

Tun liyari bai fito ba, akwai kuɗin da ya riga shi cin kasuwa a ƙasashen Larabawa. Mutanen Holan ne suka fara buga shi a 1575, don fatauci. Kashi uku cikin huɗu na jikinsa azurfa ce, an kuwa zana masa zaki a tsaye. Larabawa suka duba, suka ce wannan ai kare ne, suka sa masa suna Abu Kalbi. A 1713 aka daina buga shi.

Bayansa liyari ya sami shiga. Matar da ke jikinsa Mariya Taresa ce, sarauniyar Ostiriya. Fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus zuwa Barno da Kano. Sa'ad da Barth, Baturen nan da ake kira Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya wuri 2,500.

To, ga inda masu tara tsofaffin kuɗi ke ruɗewa. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma da yake 'yan kasuwa sun amince da shi, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara har yau. Saboda haka ganin 1780 ba shaidar tsufa ba ne. Kuɗin zaki kuwa, in na ainihi ne, ya haura shekara 300.

Malamai, wanda ya gaji irin wannan kuɗi kada ya narkar, kada kuma ya goge shi da toka, don gugar tana rage darajarsa. A auna shi, liyari na ƙwarai yakan kai giram 28. A tambayi tsofaffi wa ya kawo shi, daga ina, a rubuta a ajiye tare da shi. A nuna wa yara a aji, a kai su Gidan Makama su ga kayan tarihi. Azurfa dai ana iya sayen wata a Kasuwar Kurmi, amma labarin da ya shiga wutar maƙera ba ya komowa.