Janar Sani Sami, Sojan da Ya Zama Sarkin Zuru

Ya ku malamai da fatake, ku sani ƙasar Zuru uwar sojoji ce. Dakarkari kan koyi jimiri tun a gonar golmo, inda saurayi ke yi wa surukinsa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Wanda ya jure wannan, fareti ba ya razana shi.

Daga cikin 'ya'yanta akwai Muhammadu Sani Sami. An haife shi a 1943, ya shiga soja a 1962, aka horar da shi a Ingila. A 1984 Janar Buhari ya naɗa shi gwamnan Bauchi. A zamaninsa ne, cikin 1985, fitinar mabiyan Maitatsine ta tashi a Gombe, wadda take ƙarƙashin Bauchi a lokacin, aka rasa rayuka masu yawa. Ina almajiri sa'an nan, kuma mu masu allo mun sha kallon tuhuma, alhali ba mu ji ba, ba mu gani ba.

Ya ajiye kaki yana Manjo Janar a 1990, aka naɗa masa rawanin Zuru a 1995, da laƙabin Gomo na Biyu. Shekara 30 yana bisa karaga, har ajali ya riske shi a Landan cikin Agustan 2025. Allah ya jiƙansa.