Manomi ya bar gona, ɗan fim ya bar me?

Daga WAKILINMU

IDAN aka yi rasuwa a gari irin Bici, ba sai an kai sanarwa gidan rediyo ba. Kafin a gama yi wa mamaci wanka da sutura, labari ya riga ya kai Badume, ya kai Saye, ya kai Ɗanzabuwa. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san yadda wannan ƙasa take: gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, kuma da wuya ka sami gidan da bai haɗa aure ko jini da na kusa da shi ba. Saboda haka mutuwar mutum ɗaya ta shafi kowa.

Bayan an sallaci gawa an kai ta makwanci, akan sami wani babba a dangi ya miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa. Daga nan sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi zaman makoki na kwana uku. A wurin zaman nan ne ake karanta tarihin mutum ba tare da takarda ba. Wani ya ce ɗan wane ne, jikan wane. Wani ya tuna shekarar da ya yi auren fari. Wani ya ce shi ne ya ranta masa irin gyaɗa a daminar da ya rasa. A cikin gida kuma mata sun shiga takaba, wata huɗu da kwana goma.

Idan ƙura ta lafa sai a zo rabon gado. A biya bashi, a fitar da wasiyya in akwai, a ba matan aure tumuninsu, sauran a raba wa magada yadda shari'a ta tsara. Mafi yawan abin da ake rabawa a irin wannan wuri gona ce, da 'yan dabbobi, da abin da ya saura a rumbu. Ita kuwa gona ba ta san mai ita ya mutu ba. Damina na faɗuwa marayu za su shuka gero da dawa da wake, kaka ta yi su girbe, su ci.

To, mai karatu, tambayar da ta sa muka ɗauko wannan zance ita ce: shi ɗan fim, wanda matasan Bici suka cika gidajen kallo suna biyan kuɗi don su ga fuskarsa, in ya mutu me yake bar wa iyalinsa?

Ɗan ƙauye ne shi ma

Mu fara da wanda ba a buƙatar gabatar da shi. Alhaji Rabilu Musa, wato Ɗan Ibro, ba ɗan birni ba ne. An haife shi a 1971 a Ɗanlasan, cikin Ƙaramar Hukumar Warawa ta Jihar Kano, ƙauyen manoma ne irin waɗanda ke zagaye da Bici. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, ya kuma yi aikin gandiroba na wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan barkwanci gaba ɗaya.

Abin da ya sa mutanen karkara suka so shi fiye da kowa a bayyane yake. Lokacin da sauran jarumai ke rawa a cikin fulawoyi da manyan motoci, shi Ibro da jar hularsa yake fitowa, yana faɗa da matarsa kan kuɗin cefane, yana yi wa mai bin sa bashi ƙarya, yana shiga birni ana yi masa wayo shi ma yana ramawa. Ɗan kallo a Bici in ya ga Ibro, maƙwabcinsa ya gani. Finafinai irin su 'Ibro Awilo', 'Ibro Usama', 'Ibro Aloko' da 'Andamali' sun shiga lungunan da ko wutar lantarki babu, sai janareta.

Ya kuma ɗanɗana ɗacin sana'ar. A 2008, zamanin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa hukuncin ɗaurin wata biyu kan fim ɗin 'Ibro Aloko'. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Ikon Allah!

A ranar Laraba, 10 ga Disamba, 2014, Allah ya karɓi ransa bayan ya sha fama da ciwon ƙoda. Aka kai shi Ɗanlasan, inda aka yanke cibiyarsa, nan aka rufe shi. Jama'a sun yi dafifi, manyan 'yan fim da 'yan siyasa sun je. Amma su baƙi ne, kuma baƙo raɓa ne. Da motoci suka juya Kano, waɗanda suka rage a kan tabarmar makoki su ne matansa, da 'ya'yansa, da 'yan'uwansa, da mutanen garin da suka san shi tun ana ce masa Rabilu kawai.

Waɗanda suka riga mu

Ibro ba shi ne farko ba, kuma ba shi ne ƙarshe ba. Tsofaffin masu karatu ba za su manta da watan Maris na 2003 ba, lokacin da Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a kan hanyar kai ta ɗakin mijinta, Shu'aibu Lawan Kumurci, a Kaduna. Gidan biki ya koma gidan makoki a yini ɗaya. A ranar 1 ga Janairu, 2007, Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a yankin Azare ta Jihar Bauchi, yana kan ganiyarsa, ya bar matarsa Hafsat Shehu da takaba tana da ƙuruciyarta. Bayan shekara uku cif, a ranar 1 ga Janairu, 2010, ita ma Hauwa Ali Dodo, wato Biba Problem, ta tafi ta hanyar haɗarin mota.

Daga nan jerin ya ci gaba. A'isha Ɗankano a 2016. Dattijo Ƙasimu Yero a 2017. Hauwa Maina a 2018. A 2021 kaɗai an rasa Hajiya Zainab Booth, da Ahmad Aliyu Tage, da Sani Garba S.K. A 2022 aka rasa darakta Nura Mustapha Waye na shirin 'Izzar So' da Umar Yahaya Malumfashi. A farkon 2023 matashin ɗan barkwanci Kamal Aboki ya rasu a haɗarin mota, kafin shekarar ta ƙare kuma darakta Aminu S. Bono da Usman Baba Pategi, wato Samanja, suka bi shi. A ranar 9 ga Afrilu, 2024, a ƙarshen watan azumi, aka wayi gari da rasuwar Saratu Giɗaɗo, Daso. A watan Maris na 2025 kuma Abdullahi Shu'aibu Karkuzu ya rasu a Jos. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Mu 'yan kallo, sunayen nan muke riƙewa, da fitowar da ta fi burge mu. Amma kowane suna a cikinsu gida ne guda. Akwai uwa, akwai miji ko mata, akwai yara 'yan makaranta, akwai kuɗin haya da ba ya jiran a gama kuka.

Ina kuɗin suke shiga?

Da yawan matasa suna ɗauka duk wanda fuskarsa ta fito a kwalin kaset ya gama da talauci. Wallahi ba haka abin yake ba. Ga yadda harkar ta ginu tun daga 'Turmin Danya' na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Furodusa ne ke zuba kuɗinsa, shi ya mallaki fim. Ɗan wasa ana kiransa lokeshin, ya yi fitowarsa, a sallame shi. Wannan sallamar ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. A zamanin kaset, furodusa kan buga kwalaye ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su gurza kaset su sayar. Ko fim ya sayu kamar 'Sangaya', ko ya kwanta a shago, kuɗin ɗan wasa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Mafi yawan lokuta ko takardar yarjejeniya babu, magana ce ta fatar baki da mutunci.

Kasuwar kaset ta mutu, ta faifan CD ma ta bi ta. Yanzu tsofaffin finafinan suna yawo a YouTube, da tashoshin talabijin na tauraron ɗan'adam, da shagunan masu tura wa mutane fim a waya. Har yau ana dariya da Ibro, har yau ana jin haushin makircin da Daso ke ƙullawa a fim. Wani na samun taro da sisi da wannan kallon. Amma tunda babu rubutacciyar yarjejeniyar da ta ba ɗan wasa kaso, babu ƙofar da magadansa za su ƙwanƙwasa. Gonar manomi tana ciyar da marayunsa, ita kuwa gonar ɗan fim a hannun wani take.

Wannan miki ya fashe a bainar jama'a a watan Fabrairu na 2022, lokacin da dattijuwa Ladin Cima ta yi hira da sashen Hausa na BBC ta bayyana cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta a fim, duk da shekarun da ta kwashe a harkar. Industiri ta ɗau zafi. Wasu furodusoshi suka fito suka musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka, wasu kuma suka ce ai gaskiya ta faɗa. Ko ma wane ne da gaskiya, abu ɗaya ya fito fili: babu wani tsayayyen farashi, babu fansho, babu asusun da tsoho ko maras lafiya zai jingina da shi. Karkuzu ma sai da ya fito ya nemi taimako bayan idonsa ya tafi, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah ya saka masa. Sai dai kyautar mutum ɗaya ba za ta zama tsari ba.

A yi adalci, su ma furodusoshin ba duka ne suka tsira ba. Masu satar fasaha sun karya da yawa daga cikinsu, wasu sun sayar da filaye da motoci sun zuba a fim ba su mayar da ko uwar kuɗi ba. Akwai kuma 'yan fim da ke kai buhun shinkafa gidajen abokan aikinsu da suka rasu, a ɓoye, ba tare da kyamara ba. Ba mu raina wannan ba.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, ga 'yan wasa masu tasowa: a riƙa rubutawa. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta san da haƙƙin mai fitowa a wasa. Amma doka ba ta bin mutum har lokeshin ta riƙe masa biro. In za a sa fim a YouTube ko a sayar wa tasha, a faɗa a takarda ko ɗan wasa na da kaso, da wanda zai karɓa in ba ya raye. Neman a rubuta ba rashin kunya ba ne, addini ma ya yi umarni da a rubuta bashi.

Na biyu, ga ƙungiyoyi irin su MOPPAN: a ƙauye ko adashi mata ke yi, ranar da wata ta shiga uku sai a ba ta ɗauka. Me zai hana a tsayar da asusu na dindindin, kowane fim da za a fitar a cire wani abu kaɗan a zuba, a ajiye sunayen zawarawa da marayun 'yan fim, a riƙa duba su ko sau biyu ne a shekara, da azumi da lokacin komawa makaranta? Ziyarar ranar sadakar uku da ɗaukar hoto ba ta biyan kuɗin jarrabawa.

Na uku, ga masu riƙe da tsofaffin finafinai: in har kana cin kuɗi da fuskar mamaci, ko doka ba ta tilasta maka ba, ka tuna yana da 'ya'ya. Ka nemi gidan, ka kai wani abu. Ba za ka talauce ba.

Na ƙarshe namu ne, mu 'yan kallo. An shiga wani zamani da in ɗan fim ya rasu, kafin a kai shi maƙabarta an fara yaɗa hoton gawarsa a waya, an ɗora wa hotunansa kiɗa, wasu ma har suna yanke masa hukuncin inda zai tafi. Haba jama'a! A Bici ko a Ɗanlasan, wa zai zauna a tabarmar makoki ya yi irin wannan magana a gaban 'ya'yan mamaci? To su ma 'ya'yan 'yan fim suna da waya, suna karanta abin da ake rubutawa a kan iyayensu. Tarbiyyar da muka taso da ita ita ce a ambaci mamaci da alheri ko a yi shiru.

Saboda haka in ka kunna tsohon fim ka ga ɗaya daga cikin bayin Allahn nan, ka yi dariyarka, ba laifi, don ita suka yi aikin. Amma in ka gama ka ce Allah ya jiƙansa, ka kuma haɗa da waɗanda ya bari. In kana da hali kuma ka san gidan, ka leƙa.

Allah ya gafarta wa mamatanmu na birni da na ƙauye, ya raya abin da suka bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, amin.